Zaɓen jigo mai gardama a rubutun ɗalibai: misalin miƙa aiki ga kamfanoni

Maƙasudin wannan ƴar maƙala shi ne mu duba wata tambaya da ɗalibai suke yawan kawo mana idan aka ba su damar zaɓen jigon rubutu da kansu: shin ya dace ɗalibi ya ɗauki batun da ake ja-in-ja a kansa a fagen siyasa? Za mu ɗauki misalin abin da ake kira sous-traitance ko externalisation da Faransanci, watau ma'aikata ta miƙa wani ɓangare na aikinta ga wani kamfani. A ganinmu jigon ya dace. Amma akwai tarko a cikinsa, kuma galibi a cikin kalmomin take ne tarkon yake.

Dalilin zafin batun a Nijar sananne ne. Tun daga shekarun 1980 ƙasar ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na FMI da Bankin Duniya. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy lokacin da suke zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 1998 aka soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantiragi, da albashin da bai kai na ma'aikacin gwamnati ba. Ɗalibin da ya ce zai yi rubutu a kan wannan, da wuya a ce babu yayansa ko ƙanen mahaifinsa a ciki. Saboda haka yakan zo da hukuncinsa a aljihu tun kafin ya buɗe littafi.

Mu duba waɗannan jimloli, irin waɗanda ake sa wa a matsayin take:

(1) An sayar da ruwan Nijar.
(2) An jinginar da kamfanin ruwa.
(3) An ba da hayar aikin rarraba ruwa.

Aikatau na (1) da (2) ƴan aji na biyar ne a rabe-raben Parsons, ajin da Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa ita ce fitar da abu daga wurin mai aikatawa. Wanda ya ji "sayar da" ya san abin ya tafi ke nan. "Jinginar da" kuwa tana ɗauke da ƙamshin bashi da matsi, amma da begen fansa. Ita (3) ba ta da zafi ko kaɗan, kuma ita ce ta fi kusa da abin da ya faru. A 2001 an raba tsohon kamfanin SNE gida biyu: SPEN, na gwamnati, ya riƙe kadarori da alhakin zuba jari, SEEN, wanda kamfanin Faransa Vivendi (daga baya Veolia) yake da kashi 51 cikin ɗari a cikinsa, ya karɓi aikin tacewa da rarrabawa da karɓar kuɗi bisa yarjejeniyar affermage. Yarjejeniyar ta ƙare a ƙarshen 2023, aikin ya koma hannun kamfanin gwamnati NDE. Ɗalibin da ya sa (1) a kan takardarsa ya yi kuskuren gaskiya tun a layin farko, ko da kuwa sukar da yake wa yarjejeniyar tana da tushe. Da SONITEL yake magana, wanda aka sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2001 kafin gwamnati ta maido shi a 2012, da "sayar da" ta zauna daidai.

Sai kuma lamirin "an". Hausa tana ba marubuci hanya mai sauƙi ta ɓoye mai aiki: an sayar, an kora, an rage albashi. Wa ya yi? Majalisar ministoci ce, ko hukumar kamfani, ko sharaɗin masu ba da bashi? Mukan nemi ɗalibi ya bi takardarsa ya ja layi a ƙarƙashin kowane "an", ya gwada sa suna a gurbinsa. Duk inda ya kasa, to nan ne bincikensa bai kai ba tukuna. (Faransanci ma yana da nasa "on", kuma ɗalibanmu ba su fi tsoronsa ba.)

Abu na biyu shi ne girman jigo. "Illar miƙa aiki ga kamfanoni a Afirka" ba ya shiga shafi goma, kuma mai rubuta shi zai ƙare ne da kwafe jawaban sandika ko rahotannin masu ba da bashi. Alhali kuwa abin yana nan kusa. A unguwar Kalley, kewaye da Babbar Kasuwa, mai gadi yana tsaye a ƙofar wata ma'aikata sanye da kakin wani kamfani dabam, kuma wancan kamfanin ne yake biyan shi. Tela yana karɓar ɗinki ya miƙa aikin surfani ga wani, ya biya shi bisa yawan riguna. Hausa tana da kalmominta na wannan tun da daɗewa: jinga, ƙodago, kwangila, kamasho. Ɗalibin harshe zai iya tambayar kansa: wace kalma mai gadin yake amfani da ita idan yana bayanin aikinsa, wa yake kira "maigidana", kuma me yake cewa idan hirar ta koma Zabarmanci, tun da Kalley tsohuwar unguwar Zabarmawa ce? Wannan tambaya ce da ɗalibin bai san amsarta ba kafin ya fita, kuma wannan shi ne ma'aunin da muke gwada jigo da shi. Idan yana son ɓangaren shari'a, dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 tana nan, sai ya karanta ta ya gwada da abin da ya ji a bakin mutane.

Game da tsoron da ɗalibai suke yi cewa malami zai rage masu maki idan ra'ayinsu ya saɓa da nasa, ba za mu ce tsoron banza ne ba, domin malamai su ma suna da sandika da ra'ayi. Abin da ya kamata malami ya bayyana tun ranar ba da aikin shi ne abin da zai duba: daidaiton kalma, tushen kowace magana, da kuma ko ɗalibin ya kawo hujjar abokin gardamarsa yadda shi abokin gardamar zai yarda cewa tasa ce. Wannan na ƙarshe ya fi wuya. Mai sukar tsarin kwantiragi dole ya faɗi cewa da shi aka buɗe azuzuwa masu yawa a karkara. Mai goyon bayansa dole ya faɗi abin da ƙarancin horo da jinkirin biyan albashi suka jawo wa aji.

Akwai wanda ya fi ɗalibi shiga haɗari, shi ne mutumin da aka yi hira da shi. Mai gadin da ba shi da takardar aiki ta dindindin, kalma ɗaya tana iya raba shi da abincinsa. Don haka kada a rubuta sunansa, ko na kamfanin da ya ɗauke shi, ko ƙofar da yake tsaro, kuma a gaya masa tun farko wa zai karanta takardar.