Wayar ofis: akwati a bango ko manhaja a intanet, wanne ya fi dacewa da kasuwanci?

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da Laberiya da Kwaddebuwa, manhajojin wasu bankuna suka daina aiki, kuma sai da aka ɗauki makonni kafin a gama gyara. Ga mai hira da abokai, wannan ɓacin rai ne kawai. Ga otal ko asibiti ko kamfanin kai kaya da cinikinsa ya rataya a kan kiran kwastoma, asara ce ta kuɗi. Shi ya sa duk matashin da ke shirin buɗe ofis, ko aka ɗora masa kula da na'urorin wurin aiki, ya kamata ya san bambancin tsare-tsaren wayar kasuwanci guda biyu da ake tallatawa yau.

Mene ne wayar ofis tun farko?

Idan mutum ya kira wani kamfani ya ji murya tana cewa ya danna 1 don sashen ciniki, ya danna 2 don ƙorafi, to ya ci karo da abin da ake kira PBX. Aikinsa shi ne ya karɓi layuka kaɗan daga waje ya raba wa ma'aikata masu yawa. Kowane tebur yana da gajeriyar lambarsa ta ciki, kamar 101 ko 205. Ma'aikata suna kiran juna kyauta, kuma ana iya miƙa kira daga wannan tebur zuwa wancan ba tare da kwastoma ya sake bugowa ba.

A da, mutum ne ke zama gaban allo yana soka wayoyi da hannu. Daga baya akwati mai ƙwaƙwalwa ya karɓi aikin. Babban sauyi ya fara a 1995, lokacin da kamfanin VocalTec ya fitar da manhajar kira ta intanet, fasahar da ake kira VoIP. A 1999 aka fitar da ƙa'idar SIP, wadda yawancin wayoyin ofis na intanet ke magana da ita har yau, kuma a shekarar ne Mark Spencer ya ƙirƙiro Asterisk, manhajar da ke mayar da kwamfuta ta zama PBX.

Tsarin gauraye: ƙwaƙwalwar tana cikin ginin

A tsarin gauraye, ana kafa akwatin a cikin ofis. Yana karɓar tsofaffin wayoyin tebur masu igiya, yana karɓar layin kamfanin sadarwa irin na E1 mai ɗaukar kira 30 a lokaci guda, sannan yana iya haɗuwa da intanet. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda layin ƙasa bai taɓa wadatuwa ba, sau da yawa ana haɗa akwatin da wata na'ura mai ramukan layin SIM, ta yadda kiran waje zai bi ta sabis ɗin wayar salula.

Ƙarfinsa a fili yake. Ko intanet ya ɗauke, ɗaki mai lamba 12 a otal zai kira wurin karɓar baƙi, nas za ta kira ɗakin magani, domin kiran bai fita daga ginin ba. Ginin da aka riga aka ja wa igiyoyin waya ba sai an fasa bango an sake ja ba. Kuɗin kuma a dunƙule ake biya tun farko, sauran sai na gyara da na kiran waje.

Amma akwatin yana da iyaka. Idan an sayi mai ɗaukar tebur 16 sai ma'aikata suka kai 20, dole a sayi ƙarin kati ko lasisi, a kira injiniya. Idan tsawa ta ƙona shi, ofis ya yi shiru har sai an samo kayan gyara. Ga kuma matsalar da ta fi girma: masu ƙera shi suna ja da baya. A ƙarshen 2020 Panasonic, wanda akwatunansa suka cika otal-otal da ofisoshi a ƙasashe da dama, ya sanar da ficewa daga wannan kasuwa. A Birtaniya ma, kamfanin BT ya tsayar da Janairun 2027 a matsayin lokacin rufe tsohon layin ƙasa gaba ɗaya.

Tsarin intanet zalla: ƙwaƙwalwar tana wani wuri

A nan babu tsohuwar igiyar waya ko ɗaya. Muryar mutum ana yanka ta ƙananan ƙunsoshin bayanai, ta bi hanyar da saƙon imel da bidiyo ke bi. Wasu ofisoshi suna ajiye manhajar a kwamfutarsu, irin su 3CX ko Asterisk. Wasu kuma suna haya ne daga kamfanonin da ke riƙe komai a manyan kwamfutocinsu, kamar Zoom Phone da RingCentral da Microsoft Teams, su riƙa biya kowane wata bisa yawan ma'aikata.

Wannan shi ne tsarin da ya fi kama da rayuwar mai wayar hannu. Lambar ofis tana zama manhaja a cikin Android ko iPhone. Ma'aikaci yana Kano, abokin aikinsa yana Maraɗi, amma kwastoma lamba ɗaya ya sani. Ƙara sabon ma'aikaci aikin mintuna ne. Ana naɗar kira, ana ganin wanda aka kira bai ɗauka ba, kuma idan ma'aikaci ya bar aiki, lambar da kwastomomi suna nan a hannun kamfani, ba su tafi da layinsa ba.

Mutane da yawa suna zaton kiran intanet yana cin data sosai. Ba haka ba ne. Tsarin murya na G.711 yana buƙatar kusan kilobit 87 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, wato kimanin megabait 1.3 a minti idan an haɗa zuwa da dawowa. Kira goma a lokaci guda ba su cika megabit ɗaya ta kowane ɓangare ba. Abin da murya ke buƙata shi ne hanya mai ɗorewa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 daga mai magana zuwa mai sauraro. Bidiyon YouTube yana iya tsayawa ya tara abin da zai nuna, amma hira ba ta jira. Da sabis ya fara rawa, sai murya ta riƙa yankewa, mutane biyu su riƙa cin karo da maganar juna.

Wuta, kuɗi da tsaro

Tsohon layin ƙasa yana samun wutarsa daga ofishin kamfanin waya, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wuta. Duka tsare-tsaren nan biyu ba su da wannan gata. Akwatin gauraye yana buƙatar batir ɗaya da zai riƙe shi tare da wayoyin da yake ciyarwa. Tsarin intanet yana buƙatar wuta ga na'urar raba intanet da duk abin da ke tsakaninta da tebur, sai dai idan ma'aikata sun koma manhajar wayar hannu da datarsu.

Ta fuskar kuɗi, hayar wata-wata tana da sauƙin farawa, amma da yawa daga kamfanonin waje da dala suke karɓa, don haka idan naira ta faɗi, kuɗin wayar ofis ya tashi ba tare da an ƙara ko tebur ɗaya ba. Sannan ba kowane kamfanin waje ke iya ba da lambar cikin gida ba. A Najeriya, lambobi da lasisin sadarwa suna ƙarƙashin hukumar NCC, don haka wajibi ne a tabbatar mai ba da layin yana da izini.

Tsaro kuwa bai bar kowa ba. Duk akwatin da aka haɗa da intanet aka bar masa kalmar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta, ɓarayi na iya shiga su yi ta kiran ƙasashen waje da asusun kamfanin, sai takardar biya ta iso a gane. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a Maris 2023 an gano masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin manhajar kwamfuta ta 3CX.

To, wanne za a ɗauka?

Tambayar da ke raba gardama ita ce: a ina yawancin kiran ke faruwa? Idan a cikin gini ɗaya ne, kamar otal ko asibiti ko makarantar kwana, kuma igiyoyi suna nan, akwatin da ke cikin ginin ya fi kwanciyar hankali, muddin an tabbatar mai ƙera shi yana ci gaba da fitar da kayan gyara. Idan ma'aikata a warwatse suke, kamar masu sayar da kaya ta Instagram da WhatsApp ko masu kai saƙo a babur, tsarin intanet zalla ya fi dacewa.

Kowanne aka zaɓa, akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi wa dillali kafin a biya. A wace ƙasa kwamfutocin da ke riƙe kiran suke? Idan intanet ya ɗauke, kira zai juya da kansa zuwa lambar salula? Idan aka bar kamfanin, za a tafi da lambar? Sannan a nemi gwaji na 'yan kwanaki, a zare igiyar intanet da rana tsaka, a kira lambar ofis daga waje a ji abin da kwastoma zai ji.