Ɗaukar bidiyo da salula a tsakar gida

Matashin Gazawa ko Agye mai son tallar ɗinkinsa a TikTok ba ya buƙatar kyamara mai tsada, salularsa ta wadatar. A fara da haske: a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana na haska fuska, don in tana baya fuskar duhu take yi. Da hunturu a goge gilashin kyamara, ƙura na dusashe hoto.

Murya ta fi wuya. Mai kallo na haƙuri da hoto maras kyau, amma ba ya jure ƙarar injin niƙa. A matso kusa, a jingina salula da bulo kada ta girgiza. TikTok tsaye yake so, YouTube a kwance. A ƙauyukan Gidan Rumji, in rezo ya yi rauni, a taƙaita bidiyon don ya tafi da wuri.