Ciwon Haukan Kare: Abin Da Za Mu Yi Ranar Da Aka Yi Cizo

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka da wuya mu shiga gidan da babu kare. Shi ne mai gadin gida da dare, shi ke korar birai daga gonar masara, shi ke raka samari farauta bayan girbi. Kyanwa kuwa ita ke tsare mana rumbu daga ɓarnar ɓeraye. Amma akwai wani mugun ciwo da dabbobin nan suke iya kawo mana har cikin ɗaki, watau ciwon haukan kare, kuma mun lura yawancinmu ba mu san yadda yake aiki ba.

Ga yadda abin yakan faru. Yaro yana wasa a ƙofar gida, wani kare ya zo wucewa ya kama shi a ƙafa. Raunin ba shi da girma. Uwa ta share jinin, ta barbaɗa gishiri ko toka, ta ɗaure da tsumma. Bayan mako guda ya warke, kowa ya manta. Sai bayan wata biyu yaron ya soma zazzaɓi da ciwon kai, yana cewa wurin tsohon cizon yana masa ƙaiƙayi ko zugi. Kwana biyu ko uku, sai ya kasa barci, yana firgita, yana jin ƙishi amma in an miƙa masa ƙwaryar ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture ta. Ko iska ce ta hura masa a fuska sai ya zabura. A nan ne mutane sukan ce iskoki ne, ko mayu, ko sammu aka yi masa. Ba ko ɗaya. Cizon nan da aka manta da shi ne. In kuwa ciwon ya kai wannan matsayi, kusan ba wanda yake tashi, ko an kai shi babban asibiti. Cikin 'yan kwanaki sai rasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suke samu, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalili kuwa a fili yake: yara ne ke wasa da karnuka, su ne gajeru har kare ya kai ga fuskarsu, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka.

Yadda ciwon yake tafiya a jiki

Waɗansu suna cewa zafin bazara ne ke haukata kare, ko yunwa, ko cin mushe. Ba haka ba ne. Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ko madubin likita na kullum ba ya nuna ta, tana cikin miyau na dabbar da ta kamu. Kare ba ya haukacewa sai wata dabba mai ciwon ta cije shi tukuna. Da haƙori ya huda fata, miyau ya shiga, ƙwayar ta sami ƙofa. Haka kuma in dabbar ta yi yaƙushi, ko ta lashi gyambo, ko miyau ya faɗa a ido ko baki.

Abin da ya kamata mu fahimta sosai shi ne ƙwayar nan ba jini take bi ba. Tana fara zama a naman wurin cizon, sa'an nan ta kama jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa, ta riƙa hawa sannu a hankali kamar gara a jikin ginshiƙi. Yawanci tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya zama mako ɗaya, tana iya kaiwa shekara. Cizo a fuska, ko wuya, ko yatsun hannu ya fi hatsari, gama hanyar ta fi kusa kuma jijiyoyi sun fi yawa a wuraren. Muddin ƙwayar tana kan hanya, mutum lafiyarsa ƙalau, kuma ana iya tare ta. Ranar da ta isa ƙwaƙwalwa magana ta ƙare. Saboda haka dukan aikinmu yana tsakanin ranar cizo da ranar isowarta, ba mu kuwa san ko kwana nawa aka ba mu ba.

Abin yi ranar cizo

Kafin kome, a wanke raunin da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15. Mun ce minti 15, ba a zuba moɗa guda a goge ba. Wani ya riƙa kwarara ruwa daga buta ko tulu, wani yana cuɗawa da sabulu, ko na wanki ne, ko sabulun salo. In babu agogo, a yi ta yi har guga biyu ko uku su ƙare. Sabulu yana lalata ƙwayar, ruwa yana kwashe miyau. Wannan aikin da kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida yana rage hatsari ƙwarai. In akwai aidin a shafa bayan wanki. Kada a sa barkono, ko toka, ko kashin shanu, ko man birki, kada a tsotse da baki, kada kuma a ɗaure tamau.

Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ko raunin bai fi tsagar ƙaya ba. A gaya wa likita ko malamin asibiti sarai cewa kare ne ko kyanwa, da ranar, da yadda dabbar take. A roƙi allurar riga-kafin haukan kare da sunanta. Mun ga inda aka wanke rauni, aka yi allurar ciwon sarƙe haƙora, aka ba da ƙwayoyi, mutum ya koma gida yana tsammani an gama. Waɗannan suna da amfaninsu, amma ba sa taɓa ƙwayar haukan kare. In ƙaramin asibitin ba shi da allurar, a tambayi inda take, a wuce can.

Dattawanmu suna tuna allurar dā, wadda ake yi a ciki kullum har mako biyu ko fiye, mai zafi ƙwarai, kuma tsoronta yana hana waɗansu zuwa har yau. An bar wannan. Ta yanzu a dantse ake yi wa manya, ƙananan yara kuwa a cinya. Ana yi ranar da aka je, da rana ta 3, da ta 7, da kuma wata tsakanin rana ta 14 da ta 28. Waɗansu asibitoci suna yin biyar, waɗansu kuma suna yi a cikin fata sau uku cikin mako guda. Ko wacce aka rubuta a kati, a cika ta. Mace mai ciki da jariri duk ana yi musu. In cizon ya yi zurfi, ko yana kai ko wuya ko hannu, akwai wata allura dabam da ake yi a cikin raunin da kewayensa, mai tare ƙwayar nan take kafin riga-kafin ya soma aiki; a tambaya ko akwai. Likita kuma ba ya gaggawar ɗinke irin wannan rauni, kada mu matsa masa. Wanda aka ciza makonni da suka wuce bai je ba, ya tashi ya je yanzu.

Riga-kafin nan ba sabon abu ba ne. Ranar 6 ga Yuli 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur (ba faston ekklesiya ba ne, sunansa ke nan), ya fara gwada shi a kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo da yawa. Yaron ya rayu har 1940. Don tunawa da ranar rasuwar Pasteur ne, tun 2007, aka keɓe 28 ga Satumba kowace shekara domin faɗakarwa a kan ciwon.

To, maganin gida fa? Sau da yawa akan ce mana, ai wane yana da magani, ya ba mutum goma ba wanda ya mutu. Waɗansu su ƙona gashin karen su shafa, waɗansu su gasa hantarsa su ba wanda aka ciza. Ba mu ce ƙarya suke yi cewa mutanen sun rayu ba. Amma mu duba: yawancin karnukan da ke cizo ba su da ciwon, tsoro ne ko tsokana ko kishin 'ya'ya. Ko mahaukacin kare ma, ba kowane cizonsa ke sa ciwo ba, musamman in ta kan tufafi mai kauri ne. Saboda haka mai magani zai yi ta samun yabo a kan mutanen da dā ma ba abin da zai same su. Na goma sha ɗaya, wanda ƙwayar ta shige shi da gaske, shi ne za a binne, a ce kwanansa ne ya ƙare. Haka nan muna roƙon masu bi kada su ce addu'a kaɗai ta isa. Mu yi addu'a muna kan hanyar asibiti. Basamariyen nan na cikin Luka sura 10 ya wanke raunukan mutumin, ya ɗauke shi, ya kuma biya kuɗin jiyya daga aljihunsa.

Maganar kuɗi kuwa ita ce babban dutse. Allurar tana da tsada, ga kuɗin mota sau huɗu, kuma cizo ba ya jiran a sayar da hatsi. A ganinmu ya kamata dattawan kowace majami'a da Zumuntar Mata su ware ɗan asusu domin wannan, a ba da rance a ranar, a biya bayan kaka.

Karen da ya yi cizo

Mahaukacin kare iri biyu ne. Akwai mai faɗa, wanda kowa ya sani: yana yawo ba dalili, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gifta, muryarsa ta sāke, bai san ubangidansa ba. Akwai kuma mai shiru, wanda ya fi ruɗin mutane. Shi kwanciya yake yi a lungu, haɓarsa ta saki, miyau yana zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, sai mai shi ya ji tausayi ya sa hannu a bakinsa. Haka yake ga saniya da jaki da akuya, gama su ma suna kamuwa: saniya ta yi ta kuka ba fasawa, tana dalala, ta kasa haɗiya, makiyayi ya zura hannu yana neman abin da ya shaƙe ta. Kada mu yi haka. Dabbar jeji kuma, kamar dila, in ta shigo gari da rana tsaka ba ta tsoron mutane, a nisance ta.

In karen gida ne kuma ana iya kama shi ba hatsari, a ɗaure shi ko a kulle, a ba shi abinci da ruwa, a lura da shi kwana 10. In ya cika kwana 10 lafiya lau, babu ƙwayar a miyansa ranar cizon, likita kuma yana iya dakatar da sauran allurai. Amma ba a jiran kwanakin nan kafin a soma. In ya mutu, ko ya ɓace, ko baƙon kare ne, a cika allura duka. In ya zama dole a kashe shi, kada a farfasa kan, gama da ƙwaƙwalwa ake gwaji. A kira malamin dabbobi shi ya ɗauka; ana yin gwajin a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924. Gangar jikin a binne da zurfi. Kada a feɗe, kada a sayar. A wuraren da ake cinikin karnuka, kamar kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke, masu kamawa da masu yanka suna cikin hatsari kullum, ya kamata su nemi riga-kafi tun kafin a cije su.

Wanda ciwon ya riga ya bayyana gare shi kada a gudu a bar shi, kada a ɗaure shi kamar dabba. A kai shi asibiti a sauƙaƙa masa wahala, masu jiyya su kiyayi miyansa, fasto da 'yan'uwa su tsaya tare da iyalin.

Riga-kafin karnuka

Hanya mafi araha ita ce a tare ciwon a jikin kare. Masana sun nuna in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. An gwada wannan a maƙwabtanmu: a Injamena, babban birnin Cadi, an yi gangami a 2012 da 2013, aka wuce wannan adadi, ciwon ya yanke a karnukan birnin na wani lokaci. Daga baya ya dawo ta wurin karnukan da aka shigo da su daga waje. Wannan ya nuna aikin na kowace shekara ne, gama kullum ana haihuwar sababbin kwiyakwiyai, ana kuma kawo baƙi.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allura in ya kai wata uku, a maimaita shekara shekara. Kyanwa ma haka, gama yaƙushinta da cizonta suna ɗaukar ciwon, kuma ita ce ke kwana kusa da yara. Allurar ba ta rage wa kare zafin farauta, ba ta hana karya haihuwa, ko da yake mun sha jin haka a bakin mafarauta.

Malamin dabbobi ba zai so ya yi tafiyar mil goma domin kare ɗaya ba, kuma maganin yana lalacewa in ya bar sanyi. Sai mai unguwa da dattawan ekklesiya su zauna da limamin gari da shugaban mafarauta, a ƙidaya karnuka gida gida, a je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a tsai da rana. A yi shela a majami'a da masallaci da kasuwa. Ranar, kowa ya kawo karensa da igiya da sassafe, kyanwa a cikin kwando mai murfi, babba ne zai riƙe ba yaro ba. A karɓi takardar shaida ta kowace dabba a adana ta tare da katin asibitin yara, gama ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabci ita za a fara tambaya.