Mi ya sa bijimi ba ya ƙarewa da iri?

Ya kai makiyayi, ka taɓa tambayar kanka yadda sa guda yake barbara shekara da shekaru, maniyyinshi bai ƙare ba? Amsar tana cikin ƴaƴan marainanshi. Can ciki akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda za mu ce musu uwayen iri. Daga gare su maniyyi ke fitowa. In uwa ta rabu, wani kashi ya kama hanyar zama maniyyi, wani ya tsaya ajiya.

Masana sun fi sanin wannan sha'ani a jikin kusu. A 1994, Ralph Brinster na jami'ar Fensilbaniya a Amurka ya ɗebi uwayen iri daga kusu mai lafiya, ya zuba su a marainan kusun da ba ya haifuwa. Sai ga shi ya fara yin maniyyi.

To, mi ke hana ajiyar ta tashi gaba ɗaya? Dubi rumbunka. Hatsin iri da na ci duk hatsi ne, amma na iri ka yaɓe bakinshi. Haka jiki ke yi. Kowace ƙwaya tana ɗauke da dukan umurnin gado, sai jiki ya liƙa alamu bisa wasu wurare ya rufe su, ba tare da ya canza gadon ba. A jami'ar Kaliforniya ta Dabis, an gano cewa wani gungun sinadarai mai suna PRC1 ne ke rufe hanyar girma a uwayen irin kusu, har su riƙa rabuwa sannu-sannu kamar masu gyangyaɗi. Fita daga ajiya ma sai da alama: a 2022, a cibiyar Kuri ta Faris, an nuna cewa in kusu ya rasa sinadarin DNMT3A, uwayen suna ta maimaita kansu, ba su zama maniyyi.

Ina ruwanka da kusu? Bisashenka ma suna da waɗannan uwaye. Daga uwa zuwa maniyyi, kusu yana ɗaukar kamar kwana 35, rago kamar 48, sa kamar 61. Maraina suna son sanyi fiye da sauran jiki, shi ya sa suke rataye waje. Masassara ko zafin rana mai tsanani suna ɓata maniyyin da ke kan hanya, amma galibi uwayen suna tsira.

Saboda haka, in bijiminka ya yi masassara, shanu suka yi ta komowa ba ciki, kada ka yi gaggawar kai shi kasuwa ko ka dandaƙe shi. Dandaƙa ba ta da gyara. Ba shi inuwa, ruwa da abinci mai kyau, ka ƙirga wata biyu zuwa ukku. In marainan sun kumbura ko sun yi tauri, kar ka jira, garzaya wajen ma'aikacin kiwo na kusa da kai.