Dutsen fosfat na Tawa da gonakinmu da suka gaji

Ƴan uwa manoma na Madawa da Buza da Kaita, kowa ya san wannan kuka: “Gona ta gaji.” Gonar da iyayenmu suka cika rumbu da ita, yau ko damina ta yi kyau ba ta ba da abin da ake fata. Da yawa suna ɗora laifin duka a kan ƙarancin ruwan sama. Gaskiya ne ruwa yana da nasa laifi. Amma masu binciken ƙasar noma sun daɗe da nuna cewa gonakin jigawa na Nijar suna fama da wata yunwa. Akwai abincin shibka da ya yi ƙaranci a cikinsu, sunansa fosfat. Dutsen da ake samun wannan abinci daga gare shi kuwa yana nan kwance a jiharmu ta Tawa.

Abincin shibka guda uku

Kamar yadda mutum yake bukatar tuwo da miya, haka shibka take bukatar abinci iri-iri. Manya daga ciki guda uku ne. Azot shi ne mai sa ganye ya yi kore shar. Fosfat shi ne mai ƙarfafa saiwa, ya sa hatsi ya yi ƴaƴa da yawa a gindi, ya nuna da wuri. Potas kuma yana taimakon kara ya yi ƙwari, shibka ta jure wahala.

Yanzu da muka iya karatu, mu duba buhun takin zamani. Idan an rubuta 15-15-15, lamba ta farko azot ce, ta tsakiya fosfat, ta ƙarshe potas. Wato a cikin kilo 100 na takin akwai kilo 15 na kowane ɗaya. Idan an rubuta DAP 18-46-0, fosfat ne ya fi yawa. Takin ure kuwa azot ne kaɗai a cikinsa, babu fosfat ko kaɗan.

Hatsin da ya rasa fosfat yakan tsumbure. Saiwarsa ba ta nisa. Wani lokaci tsofaffin ganyensa su yi ja-ja. Yakan yi jinkirin fidda kai, har ruwa ya ɗauke bai cika ido ba. Irin wannan gona ko an zuba mata ure, amfanin da za ta ƙara kaɗan ne.

Daga ina dutsen ya fito?

Masana duwatsu sun ce fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, teku ne ya rufe ƙasar Adar har zuwa Sakkwato. Shi ya sa makiyaya suke tsintar ƙwanson dabbobin ruwa da ya zama dutse a kan tsaunukanmu. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza ma a cikin wannan teku ya taru. Ƙashin kifaye da kashinsu sun kwanta a ƙarƙashin ruwan, suka daskare da ikon Allah, suka zama dunƙule-dunƙulen dutse mai fosfat.

Ana samun irin wannan dutse a arewacin garin Tawa, wajen da ake kira In Akker. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa fosfat ne. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, hukumar ma'adinai ta ƙasa ta riƙa haƙo shi, ana niƙa shi gari, ana kai wa manoma. Nijar tana da wani dutsen fosfat a yamma, a gandun dajin W, kudu da Yamai.

Matsalar narkewa

Saiwa ba ta da haƙori. Abin da ya narke a ruwa kawai take sha. Gishiri da kanwa suna narkewa nan take, amma garin dutsen fosfat ko ya kwana a ruwa ba ya narkewa. Abu mai tsami ne yake narkar da shi.

A shekarar 1842 wani Bature a Ingila mai suna John Lawes ya yi rajistar wata dabara. Yana zuba wa ƙashi da dutsen fosfat ruwan tsami mai ƙarfi, irin wanda ke cikin batirin mota. Abin da ya fito shi ne takin da muke kira supa, wanda yake narkewa da sauri. Har yau haka masana'antu suke yi. Sai dai ruwan tsamin yana da tsada, kafa masana'antar ma sai da kuɗi masu yawa. Wannan aiki ne na injiniyoyi masu kayan kariya. Kada kowa ya gwada shi a gida, domin ruwan batir yana ƙona fata, yana makantar da ido.

Gwajin da aka yi a Nijar

A shekarun 1980 cibiyoyi uku suka haɗa hannu. Akwai INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975. Akwai ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai. Akwai kuma IFDC, cibiyar binciken taki mai hedkwata a Amurka. Cikin masu binciken akwai André Bationo ɗan Burkina Faso da Uzo Mokwunye ɗan Najeriya.

Tambayarsu biyu ce. Ta farko: idan aka niƙa dutsen kawai aka zuba a gona, zai yi aiki? Ta biyu: idan aka zuba masa rabin ruwan tsamin da ake yin supa da shi, don a rage tsada, zai ƙara kyau?

Sun raba gona kashi-kashi. Wani kashi ba a sa masa komai ba. Wani aka sa masa supa. Wani garin dutsen Tawa, wani garin dutsen W, wasu kuma dutsen da aka zuba wa rabin ruwan tsami. Suka shibka hatsi shekara bayan shekara, suna auna abin da kowane kashi ya bayar. A 1990 suka bayyana sakamakon.

Garin dutsen Tawa, ba tare da an ƙara masa komai ba, ya yi fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin supa. Ya fi dutsen W saurin narkewa a ƙasa. Da aka zuba wa dutsen W ruwan tsami, ya ƙara kyau sosai. Na Tawa kuwa bai ƙaru da komai ba. Da aka auna shi a ɗakin gwaje-gwaje sai aka ga dalili. Akwai sinadarin ƙarfe da na sanholo da yawa a cikinsa. Da zarar ruwan tsami ya saki fosfat, sai waɗannan biyu su sake kama shi su riƙe, saiwa ta kasa samu.

Wannan bincike ya tsare ƙasa daga asara. Ya nuna cewa kashe kuɗi wajen zuba wa dutsen Tawa rabin ruwan tsami ba shi da riba. Niƙa shi da kyau ya wadatar, muddin an sa shi inda ya dace.

Inda yake aiki da inda ba ya aiki

A nan ne ya kamata mu mutanen Adar da Majiya da Tarka mu buɗe kunne, domin ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce.

Ƙasar jigawa mai rairayi tana da ɗan tsami nata na halitta. Wannan tsami ne yake narkar da garin dutsen sannu a hankali. Saboda haka a jigawa ya fi amfani. Ƙasar da ke da farin dutse a cikinta, da yawancin lakar fadama, ba su da wannan tsami. A can garin dutsen yakan daɗe bai narke ba. Mai noman albasa a kwarin Tarka, wanda amfaninsa na ƴan watanni ne, taki mai saurin narkewa ya fi dacewa da shi.

Abu na biyu shi ne laima. A busasshiyar ƙasa babu abin da zai narke. Tun 1984 aikin raya karkara na Kaita, wanda Italiya ta ba da kuɗinsa, ya koya wa mutane tare ruwa da jerin duwatsu da ramuka. Tun 1975 kuma layukan dogon yaro na kwarin Majiya suka fara kare gonaki daga iska. Tassa da rabin wata da muke haƙawa a fako suna riƙe ruwa da taki wuri ɗaya. Tare ruwa da ciyar da ƙasa tafiyarsu ɗaya.

Abu na uku haƙuri ne. Garin dutse ba ya nuna dukan ƙarfinsa a damina ta farko. Yana ci gaba da aiki a shekara ta biyu da ta uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Manoman da suka yi aiki da shi sun yi kuka da abu ɗaya: gari ne mai laushi, iska tana kwashe shi lokacin watsawa, yana shiga ido da hanci. Maganin da aka samu shi ne a cuɗa shi da takin gida a cikin rami, a bar su su ruɓe tare. Ruɓewar tana fid da ɗan tsami mai taimakon narkewa, danshin kuma yana kashe ƙurar. Malaman ilimin sinadarai na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun ci gaba da auna wannan dutse, suna neman hanyoyi masu sauƙin kuɗi na narkar da shi.

Taki kaɗan a bakin rami

Binciken fosfat ya haifar da wata dabara wadda kowa zai iya yi da takin kasuwa. A shekarun 1990 masu binciken ICRISAT da na Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun ga cewa talaka ba ya iya sayen takin da za a watsa a gona duka. Sai suka gwada sa ɗan kaɗan a kowane ramin shibka, kusa da iri, inda saiwa za ta same shi tun tana ƙarama.

Ga ma'aunin. Idan DAP ne, garam 2 a kowane rami, wato abin da yatsu uku suka ɗiba. Idan 15-15-15 ne, garam 6, wato cikin murfin kwalbar lemo. Mu yi lissafi. Eka ɗaya, mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, tana ɗaukar rami 10,000 idan an bar mita ɗaya tsakanin rami da rami. Ke nan tana bukatar kilo 20 na DAP, ko kilo 60 na 15-15-15. Buhun DAP mai kilo 50 zai ishi eka biyu da rabi.

ICRISAT ta ba da rahoton cewa a Nijar da Mali da Burkina Faso wannan dabara ta ƙara amfanin hatsi da dawa da kashi 44 zuwa 120 cikin 100. Wato daga kusan rabi har fiye da ninki. Daga 1999 wani aiki na hukumar FAO ya yaɗa ta a ƙauyuka, tare da shagunan sayar da taki a ƙananan ƙulli, da tsarin jinginar amfanin gona a sito don a samu rance. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya kamata mu kiyaye

1. Mu karanta lambobin buhu kafin mu biya kuɗi. Lamba ta tsakiya ita ce fosfat.

2. Mu sa takin bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Idan binne muka yi, mu jira shibka ta tsiro, sa'an nan mu sa shi a gefenta mu rufe.

3. Kada taki ya taɓa iri, musamman DAP, domin yana ƙona shi. A bar tazarar yatsu uku ko huɗu.

4. Kada mu daina kai takin gida, kada mu kwashe kara duka daga gona. Hatsin da ya yi kyau ya fi cin abincin ƙasa. Idan ba a mayar mata da komai ba, za ta ƙara gajiya.

5. Idan an kawo garin dutsen Tawa, mu sa shi a jigawa, a cuɗe da takin gida. Mu nemi shawarar malamin gona a kan yawan da ya dace da gonarmu.

6. Mai aiki da taki ya rufe hanci da baki da ƙyalle, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. A ajiye taki nesa da yara da dabbobi da bakin rijiya. Kada a zuba abinci a cikin buhun taki.

A ƙarshe, kowane manomi yana iya yin irin gwajin masu bincike. A bana ka ware layi goma ka sa musu taki a bakin rami. Ka bar layi goma na kusa da su babu taki. Ka shibka iri ɗaya rana ɗaya, ka yi musu noma ɗaya. Ka rubuta ranar shibka da nauyin takin a littafinka. Da kaka ka sussuke kowane ɓangare dabam, ka auna da tiya, ka rubuta. Sa'an nan ka kawo littafin ajin yaƙi da jahilci, a karanta a gaban jama'a, a kwatanta da na sauran ƙauyuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.