Yadda ake haɗa mamurɗin tsofaffin wasannin gem a gida

A gidajen gem na masarautar Gumel, daga garin Gumel zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙwallon PlayStation ce abin da yara suka fi sani.

To amma akwai wasannin da suka girme ta, waɗanda a yau ake iya bugawa a kan tsohuwar kwamfuta ta hanyar manhajar MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar a shekarar 1997 domin kwaikwayon injinan da suka daina aiki.

Matsalar ita ce wasu daga cikin wasannin ba sa buguwa da maɓallai. Tempest na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1981, da Arkanoid na kamfanin Taito na Japan a 1986, duk an gina su ne a kan wani mamurɗi da ake juyawa da yatsu. Duk wanda ya gwada su da allon rubutu zai ɗauka wasannin ne ba su da kyau.

Linzami ne a ɓoye

A cikin mamurɗin akwai faifai mai haƙora wanda ke ratsawa tsakanin 'yar fitila da idanu biyu masu jin haske. Kowane haƙori yana katse hasken, kwamfuta kuma tana ƙirgawa. Idon da ya fara ganin duhu shi ke nuna ko dama aka juya ko hagu.

Haka tsohon linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki yake aiki. Shi ya sa masu haɗa irin waɗannan akwatuna a gida suka daɗe suna farke shi, suna ɗaura faifansa a jikin sandar ƙarfe mai nauyi. Linzamin zamani mai jan haske a ƙasa ba ya da wannan faifai, don haka wanda aka jefar a shagon mai gyara ya fi sabo amfani a nan.

Wayoyi huɗu ne ke fita daga mamurɗin da aka saya: ta wuta mai ƙarfin volt 5, da ta ƙasa, da biyu masu kai saƙo zuwa ƙaramin allon da ake jonawa ta USB.

Idan wasa ya riƙa tafiya hagu alhali dama aka murɗa, sai a musanya wayoyin saƙon biyu, ko a gyara a cikin MAME. Musanya ta wuta da ta ƙasa kuwa na iya ƙona idanun, saboda haka a auna da mita kafin a sa dalma.

Abin da ya fi ruɗa masu gyaran rediyo shi ne kamanninsa da mamurɗin ƙarin murya. Wancan yana da iyaka inda yake tsayawa, kuma irinsa aka yi amfani da shi a wasan Pong na 1972. Na Tempest ba ya tsayawa.

Akwai kuma nau'i na uku, wato sandar Ikari Warriors na kamfanin SNK a 1986, wadda ake turawa kuma ake murɗawa zuwa matsayi 12. Ita makunnai ne a cikinta, ba haske ba, kuma tana buƙatar nata allon daban.

Bayan an gama haɗi, sai a kunna linzami a cikin MAME, a kuma daidaita saurin mamurɗin ga kowane wasa, domin Arkanoid na ƙirga motsi mai yawa a juyi ɗaya fiye da Tempest.