Gyambon baki da ya wuce mako uku: ka kai shi asibiti

Duk ranar Alhamis, in Kasuwan Magani da ke Kajuru ta cika, ba a rasa masu ciwon maƙogwaro a gaban teburin mai kemis. Wannan ya ce muryarsa ta dushe tun farkon damina, wancan ya ce loma ba ta wucewa sai da ruwa. A ƙulla musu ƙwayoyi ja da rawaya a leda, su koma Kufana ko Maro ko Idon. Yawancinsu za su warke, domin mura ce ko kumburi. Amma a cikinsu akwai wanda ciwon daji ne ya fara cin sa, kuma kowane wata da ya ɓata a tsakanin kemis da mai maganin gargajiya, dama ce ta kuɓuce masa.

Cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum 390,000 ne a faɗin duniya suka kamu da dajin leɓe da na cikin baki, kimanin 188,000 kuma suka mutu, ban da na maƙogwaro.

Da can, likita na ganin mai wannan ciwo ya san tambayar da zai yi: taba da giya. Har gobe su ne kan gaba. Kuma kada mai taba gari ya ce shi ba ya zuƙar hayaƙi. Wanda ke cusa garin taba da kanwa a tsakanin leɓe da dasashi, ya bar shi ya jiƙa, yana dafa wuri guda ne da guba kullum, kuma sau da yawa a nan ne farin tabo ke fara fitowa. Shisha da samari suka ɗauka ado, ita ma taba ce. Giya kuwa, burkutu ce ko ogogoro ko 'yar leda, jiki na mai da ita wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta, tana kuma sa fatar baki ta riƙa tsotse dafin taba da sauƙi. Wanda ya haɗa biyun, haɗarinsa ninkawa yake yi.

Sai dai lissafin ya fara sauyawa. A Amurka, a 1965 kusan kashi 42 cikin ɗari na manya suna shan sigari. Zuwa 2022 sun ragu ƙasa da kashi 12. Dajin leɓe da na maƙoshin murya suka ja baya. Amma dajin can cikin maƙogwaro, wajen tushen harshe, sai ƙaruwa yake yi, har a mutanen da ba su taɓa kunna sigari ba, galibi maza. Dalili shi ne ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Yanzu kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan nau'in a Amurka ita ake ɗora wa alhaki. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, har da wadda ake yi da baki. Jikin mafi yawan mutane na kawar da ita cikin shekara biyu, amma a wasu takan lafe shekara da shekaru kafin ta yi ɓarna. Saboda haka in an same ta a jikin magidanci, ba hujja ba ce ta zargin matarsa, ko ita ta zarge shi.

Nijeriya ta fara rigakafin HPV kyauta a wasu jihohi a watan Oktoba na 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, aka faɗaɗa zuwa sauran jihohi a watan Mayu na 2024. An ji masu cewa dabara ce ta hana haihuwa. Wannan tsohuwar waƙa ce, ita aka yi wa rigakafin shan inna, kuma yaran da aka ɗiga wa a lokacin ga su nan da goyo. Ingila ta fara yi wa yara maza tun 2019. A ganina, mu ma can ya kamata mu dosa.

Abin da ya fi kashe mutanenmu shi ne jinkiri. Maƙogwaro ya daɗe yana ciwo, sai a ce belu ne, a kira wanzami ya yanke. Ƙullutu ya fito a wuya, a ce kaluluwa ce, ko jifa aka yi. In kuma aka ambaci daji, sai dangi su ce daji ba ya son allura, kada a bari ƙarfe ya taɓa shi. Wannan magana ta cika maƙabarta. Ɗan naman da likita ke gutsira ya kai ɗakin gwaji shi ne kaɗai ke tabbatar da ko mene ne, kuma ba ya sa cutar ta bazu. Dalilin da ya sa ake ganin mutum ya rasu bayan an yi masa aiki shi ne an kai shi ne bayan ta riga ta ci ƙarfinsa.

Ga abin da kowa zai iya yi a gida. Ka kuskure baki sosai, musamman in kai mai cin goro ne, domin jan goro na ɓoye tabo. Ka tsaya gaban madubi da fitilar waya. Ka zaro harshe ka duba gefe da gefe da ƙarƙashinsa, ka jawo leɓe ka duba dasashi, ka leƙa cikin kumatu da ganɗa, sannan ka shafa wuyanka tun daga ƙarƙashin kunne. Gyambo ko tabo fari ko ja da ya ƙi tafiya, ƙullutu mai tauri ko da ba ya zafi, haƙori mai girgiɗi ba dalili, dushewar murya, wahalar haɗiya, ciwon kunne ɗaya, toshewar hanci gefe guda tare da haɓo: duk wanda ya haura mako uku, na asibiti ne. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ce, domin daji a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo. Zabiya da manoman da ke wuni a rana su kula da leɓen ƙasa, su riƙa sa malafa.

Daga Kajuru hanya ba ta da nisa. A fara da asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda ke duba kunne da hanci da maƙogwaro, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a Shika kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen masu ciwon daji. Na kudancin Kaduna su fara da babban asibitin Kafanchan.

Ga mai shan taba: in ka bari yau, cikin shekara biyar zuwa goma ƙarin haɗarin da ke kanka zai ragu da rabi. Limamai da fastoci da dagatai, ku faɗi maganar mako ukun nan a masallaci da coci da ƙofar fada. Iyaye, 'yarku ta cika shekara tara, ku kai ta a yi mata allurar.